Ƙaramin Inji Mai Zuga-zugi Biyu: A Leƙa Kafin A Biya

Ranar wata Asabar bayan sallar la'asar muna zaune a inuwar garejin da ke bakin layinmu nan Vêdoko, sai ga wani Alhaji daga cikin dattawanmu na Zongo ya iso cikin wata 'yar ƙaramar mota ƙirar Jamus, ɗan ƙanensa na tuƙi. Yaron ne ya fito masa da ita daga filin sayar da motoci na Sekanji a makon. Abin da ya kawo su kuwa gardama ce wadda suka kasa rabawa tun daga gida. Takardar motar ta nuna girman injin 1,390 ne, wato bai cika lita ɗaya da rabi ba, amma yaron ya dage a kan cewa da ya taka ta a hanyar Seme, ya wuce wata ƙatuwar jif kamar an ɗaure ta a turke.

"Kai yaro, raba ni da wannan zance," in ji Alhaji. "Shekara nawa na yi ina kai Fijo Maraɗi? Injinta ya kusa lita biyu, ban taɓa ganin ta yi abin da kake faɗi ba. Ko dai takardar nan ta ƙarya ce, ko kuwa an sauya mata inji tun a Beljiyam."

"Wallahi Baba, ba a taɓa ta ba. Ni ma abin ya ɗaure mini kai."

Maigidan gareji bai ce uffan ba. Ya ɗaga bonet, ya kunna tocila, ya nuna mana turbo a gaban inji, wanda kowa ya sani. Sa'an nan ya sa muka leƙa can baya, ƙarƙashin bututun iska, inda wani ƙarfe yake kwance a ɓoye da bel nasa na kansa. Ya ce, "Alhaji, takarda ta faɗi gaskiya, yaro ma ya faɗi gaskiya. Injin ƙarami ne, amma masu hura masa iska biyu ne."

Mun ga ya dace mu kawo wannan magana a shafinmu na wannan wata, domin da wuya ka shiga gida a Zongo ka rasa wanda yake cin abinci daga mota: ko dillali, ko direban da ke kai ta arewa, ko mai sayar da kayan gyara, ko yaron da ke koyon aiki a gareji. Dukanmu ma'auni ɗaya muka gada daga iyayenmu, cewa girman inji shi ke gaya maka ƙarfin mota da shan manta da abin da gyaranta zai ci. To wannan ma'auni ya daina aiki a kan irin waɗannan motoci, kuma wanda bai sani ba, da jarinsa zai biya kuɗin karatun.

Bari mu fara daga maƙera, tun da nan ne maganar ta fi sauƙin ganewa. Gawayin da uwargida take dafa shayi da shi, shi ne maƙeri yake narka ƙarfe da shi. Bambancin kawai zuga-zugi ne. Wuta iska take ci, in ka ƙara mata iska sai ta cinye gawayi da yawa cikin ɗan lokaci, zafinta ya ninka. Injin mota ma wuta ce a cikin tukunya. Kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai, wato lita ɗaya ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000. Zuba fetur a inji ba wuya, famfo ne kawai. Wuyar tana wajen shigar da iskar. Inji irin na Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, da kansa yake zuƙar iskarsa kamar yadda mutum yake numfashi, saboda haka girman huhunsa shi ne iyakar ƙarfinsa. Mai lita biyun nan da kafireto bai kai ƙarfin doki 100 ba. Wanda yake son ƙarfi a wancan zamani sai ya nemi babban huhu. Ɗaya hanyar ita ce a bar huhun yadda yake, a ɗura masa iska da ƙarfin tsiya.

Na'urorin ɗura iskar iri biyu ne. Na farko shi ne kwamfaresa, wanda masu Mercedes suka saba ganin sunansa an rubuta Kompressor a bayan mota. Kada a haɗa shi da kwamfaresan na'urar sanyaya mota, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan bel ne ke juya shi kai tsaye daga inji, saboda haka da ka taɓa totur yake amsawa, ko da motar tana tafiyar hawainiya. Asalinsa ma daga maƙera ya fito, gama wasu 'yan'uwa biyu a Amurka masu suna Roots ne suka yi rajistar irinsa a 1860, aka riƙa hura tanderun narka ƙarfe da shi tun kafin a san mota. Aibinsa shi ne daga tukunyar da yake hurawa yake ci. Inji ne ke ɗauke da shi, kuma gwargwadon yadda juyin inji ya ƙaru, gwargwadon ƙarfin da yake sacewa.

Na biyu shi ne turbo, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistarsa a 1905. Shi ba ruwansa da bel. Hayaƙin da inji yake zubarwa ta salansa shi ke kaɗa wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗaya ƙarshen sanda, wadda ke tura iska cikin inji. Abin da za a zubar ne ya zama abincinsa. Farfelar nan takan yi juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin da kan kusanci digiri 1,000. Nasa aibin kuwa direbobin manyan motoci sun san shi: in juyin inji yana ƙasa, hayaƙi ba shi da yawa, sai ka taka totur ka ji shiru, sai bayan ɗan lokaci motar ta zabura. A kan ƙaramin inji abin ya fi muni, don ƙaramin inji ɗan hayaƙi kaɗan yake fitarwa. Ka sa masa ƙaramin turbo, ya tashi da wuri amma numfashinsa ya ƙare a babban gudu. Ka sa masa babba, ya yi ta barci a cikin gari.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai zuga ya ga maganin wannan matsala. Fatu biyu ne a hannunsa, yana danna ɗaya yana ɗaga ɗaya, domin kada iska ta yanke wa wuta ko da ƙiftawar ido. Dabarar da masu ƙera inji suka yi ke nan. Kwamfaresa ya riƙe aikin daga tashi, lokacin da turbo bai farka ba, in turbo ya kama sai a sallami kwamfaresa ya huta.

Ba jiya aka fara ba. Kamfanin Lancia na Italiya ya fito da Delta S4 a 1985 domin tseren motoci, injinta 1,759 amma ƙarfinta ya haura doki 400. Tseren gasar duniya na farko da ta shiga, a Ingila, ita ta ci, direbanta Henri Toivonen ɗan ƙasar Finlan. Ranar 2 ga Mayu 1986 shi da abokin tafiyarsa Sergio Cresto suka faɗa rami da ita a tsibirin Kosika, suka mutu nan take, kuma a ƙarshen shekarar aka soke wannan rukuni na tsere baki ɗaya. A 1989 Nissan ta Japan ta sayar da wata March da ta kira Super Turbo, injinta 930 kacal, bai cika lita guda ba, amma doki 110. Waɗannan duk na 'yan ƙwalisa ne, ba su yi yawa ba.

Wanda ya shafe mu shi ne na Volkswagen, don shi ne aka ƙera da yawa har ya iso tashar jirgin ruwan Kwatano. A 2005 kamfanin ya sa wa Golf inji mai 1,390 wanda yake ba da doki 170, ya kira shi TSI. Daga nan aka yi masu doki 140 da 150 da 160 da 180, aka zuba su a Golf da Jetta da Touran da Tiguan da Scirocco da Polo GTI, har da wasu ƙananan Seat da Skoda da Audi. A 2009 da 2010 a jere shi ya ci kyautar injin shekara ta duniya. Ga yadda yake raba aikin, kuma mai irin motar yana iya bin abin da ido a kan allurar da ke nuna juyin inji. Daga tashi zuwa wajen juyi 2,400 a minti, kwamfaresa ne ke jan ragama. Daga nan zuwa 3,500 sai in direba ya taka da ƙarfi ake kiransa ya taimaka. In allura ta wuce 3,500, wani kuloci mai aiki da maganaɗisu, wanda aka haɗa a jikin famfon ruwa, ya sake shi gaba ɗaya, wata ƙofa ta buɗe iska ta kewaye shi, turbo ya ci gaba shi kaɗai. Duk wannan miƙa hannu kwamfutar motar ce ke yinsa, direba ba ya ko ji.

Akwai wani ɗan lissafi a nan da muke so ɗalibanmu su lura da shi. Lokacin da su biyun suke aiki tare, kwamfaresa ne ke matse iska ya miƙa wa turbo, shi kuma ya sake matse abin da aka riga aka matse. Saboda haka ba tarawa ake yi ba, ninkawa ake yi. In na farko ya matse sau ɗaya da rabi, na biyu ma sau ɗaya da rabi, abin da zai isa inji sau biyu da kwata ne. A injin da muke magana matsin yakan kai sau biyu da rabi na iskar da muke shaƙa. Ke nan tukunyar lita 1.4 tana haɗiyar iskar da sai tukunya mai fiye da lita uku za ta iya zuƙa da kanta. Jif ɗin da yaron Alhaji ya wuce a hanyar Seme, da wannan lissafi ya wuce ta.

Me ya sa Turawa suka ɗora wa kansu wannan wahala? Fetur a can haraji ya yi masa katutu, wasu ƙasashen da girman inji suke yanka harajin mota, sa'an nan a 2009 Tarayyar Turai ta kafa doka a kan yawan hayaƙin da sababbin motoci za su riƙa fitarwa. Ƙaramin inji in ana lallaɓa shi ɗan mai kaɗan yake sha, in an bukaci ƙarfi kuma ga shi a ajiye. Sai dai a lura da sharaɗin: in ana lallaɓa shi. Ƙarfi daga man da aka ƙone yake fitowa, babu wata hanya. Direban da ya manne ƙafarsa a totur daga Kwatano zuwa Paraku, mai irin na doki 160 zai saya, ko da takarda ta ce injinsa ƙarami ne. Haka kuma lambar CV da ke kan katin mota lissafin masu haraji ne, ba ita ce ƙarfin inji ba.

To, yanzu mu dawo gida. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka zo. Mu nan ba mu bukatar rahoto, mun ga filayen Sekanji da Ekpe da idonmu. Mota takan yi shekara goma ko sha biyar a hannun masu ita kafin ta hau jirgi, shi ya sa injin da ya yi tashe a Jamus tsakanin 2006 da 2012 sai daga baya ya cika mana fili. A shekarun baya wannan bai dame mu ba. Mota baƙuwa ce a hannunmu: a fito da ita daga tasha, a yi mata takardun wucewa zuwa Nijar, direba ya kama hanyar Paraku da Malanbil, kilomita fiye da 700, ya haye gada zuwa Gaya, daga nan Dosso, Ƙonni, Maraɗi. In ma tana da ciwo, a hannun wani zai bayyana. Sai Nijeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, ta rufe iyakokin gaba ɗaya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sa'an nan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 ya jawo aka datse gadar Malanbil. Tun daga waɗannan shekaru muka ga baƙuwa ta fara zama 'yar gida. Dillalin da bai taɓa riƙe mota ta wuce mako a hannunsa ba, ya koma yana sayar wa maƙwabcinsa na Zongo, wanda za su haɗu a masallaci sau biyar a rana. Wani kuma da ciniki ya ƙi, sai ya sa ta haya. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Abu na farko da wannan inji yake tambayarmu shi ne mai, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Wanda ya taɓa yi wa keke iska ya san famfo yakan yi zafi a hannu, don iska in an matse ta zafi take yi. Fetur kuwa in ya haɗu da zafi da matsi fiye da ƙima, ba ya jiran tartsatsin fulogi, sai ya fashe da kansa a lokacin da bai dace ba, ya doki kan fistin kamar guduma. Juriyar fetur ga wannan ita ake aunawa da lambar oktan. Gidajen mai na Turai 95 da 98 suke sayarwa, kuma in ka buɗe murfin tankin irin waɗannan motoci za ka ga an manna takarda mai ɗauke da ɗaya daga cikin lambobin nan. Masu doki 170 ma 98 aka fi so a ba su. Ƙa'idar da aka fi bi a yankinmu kuwa 91 ce, wannan ma a gidan mai ke nan. Injin yana da kunne, in ya ji dukan guduma kwamfuta takan rage masa ƙarfi don ta kare shi, amma kariyar tana da iyaka. Ranar da aka cika motar da fasinja da kaya, rana ta take, aka taka ta a hawa da giya babba, gefen fistin inda zobe yake zama shi ke fara tsagewa.

Sai kuma kpayo. Ba mu zo zagin masu sayar da shi ba, don mun san gidaje nawa yake ciyarwa, kuma mu kanmu mun hau zemijan da shi yake tafiya. Amma a dubi hanyar da yake biyowa: daga jarka zuwa jarka, a cikin kwalekwale ko a bayan babur, sa'an nan ya wuni a kwalba rana na dukansa, mafi kyawun abin da ke cikinsa yana tashi sama, a ƙarshe a tace shi da tsumma a bakin mazurari. Kafireton Fijo ya haɗiye wannan shekara da shekaru bai yi tari ba, in ma ya toshe a kwance shi a wanke a bakin hanya. Wannan injin ba shi da kafireto. Famfo ne yake matsa fetur sau fiye da ɗari bisa matsin iskar duniya, ya fesa shi kai tsaye cikin tukunyar wuta ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi. Ƙwayar yashi ɗaya ko cokalin ruwa ya isa ya ɓata su. In ƙofa ɗaya ta rage feshi, tukunyarta ta sami iska da yawa mai kaɗan, zafi ya hau, mu koma kan maganar fistin. Da can ana cewa arahar kpayo ta biya kuɗin gyara. Tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023 kuɗin kwalba ya yi tsalle, wannan hujja ta yi rauni ƙwarai. Gidan mai ma ba a ce tsarkakakke ba ne, gama binciken da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta buga a 2016, wanda ya haɗa da samfurin mai daga Benin, ya sami ƙibiritu mai yawan da ba za a yarda a sayar a Turai ba. Duk da haka tazarar da ke tsakanin famfo da kwalba, ga wannan inji, tazara ce babba.

Abu na biyu baƙin mai. Mun saba da mai kauri, wanda ake aunowa daga duro, har muna cewa kaurinsa shi ne ƙarfinsa. Sandar turbo a kan ɗan siririn mai take shawagi, ba ta taɓa ƙarfe, kuma man da aka rubuta wa injin mai ruwa-ruwa ne, irin 5W-30 ko 5W-40, mai lambar amincewar kamfani a jikin galan. Mai kauri yakan makara kafin ya isa can da safe, mai arha kuma yakan ƙone ya zama gawayi a cikin bututu. Haka nan sarƙar da ke daidaita buɗewar bawul da tafiyar fistin, ƙarfin mai ne ke ɗaure ta. Sarƙar wannan inji ta sha suka a jaridun motoci na Jamus tun motocin suna hannun masu su na farko, don takan miƙe kafin lokacinta. In ta yi tsalle, fistin ya haɗu da bawul, sai a nemi wani inji. Alamar ita ce wani ƙaras-ƙaras na 'yan daƙiƙoƙi in an tayar da motar da sanyin safiya. Shi ya sa dillalin da ya riga ka zuwa fili ya ɗumama mota kafin ka iso, sai ka ce masa za ka dawo gobe da asuba, kada kowa ya taɓa makulli. Kuma a tuna, a Turai an yarda wa irin waɗannan motoci su yi har kilomita 30,000 kafin a juye mai. A ƙurar hunturunmu da cunkoson Dantokpa, wanda ya kai ko rabin wannan ya yi ganganci.

Sauran abubuwan gajeru ne. Al'adar cire tamostat da cika lagireto da ruwan rijiya ba ta karɓi injin da ke aiki cikin irin wannan zafi ba. Famfon ruwansa ma ba irin wanda ake saya a ko'ina ba ne, tun da kulocin kwamfaresa a jikinsa yake. Damina kuma, in layukan Kwatano sun cika, irin wannan mota ba ta shiga ruwan da ya kai gwiwa.

Wani saurayi a garejin ya yi tambayar da muka san tana zukatan samari da yawa: tun da ana samun turbo da kwamfaresa na gwanjo, me zai hana a ɗaura wa ƙaramar Toyota ko Peugeot 206 su biyun? Maigidan ya yi dariya ya ce ɗaurawa ba wuya, walda ce da bututu. Mu ma ra'ayinmu ke nan, wuyar tana bayan ɗaurawa. Fistin da zoben injin da ba a yi shi don matsi ba ba za su ɗauka ba. Sai an sa wani lagireto na musamman da zai sanyaya iskar da aka matse, sai an sauya masu fesa mai da manya, sai an yi ƙofar kewaye da kulocin da zai saki kwamfaresa a daidai lokacin, sa'an nan a sake rubuta wa kwamfuta dukan lissafinta na mai da wuta. In aka kuskure a wuri ɗaya, inji ba ya ba da sanarwa, narkewa yake yi. Kamfanin da ya ƙware a abin ma bai daɗe a kai ba. Daga 2012 Volkswagen ta kawo sabon injin 1.4 mai turbo kaɗai, mai bel maimakon sarƙa, domin turbo na zamani ya koyi tashi da wuri, kuma na'ura biyu sun fi ɗaya tsada da yawan abin lalacewa. Volvo ta ɗauki dabarar a injinta mai lita biyu da ake kira T6, wanda ke cikin XC90 ta 2015 da ƙarfin doki sama da 300, kuma irinsu suna iso mana daga Amurka. Audi kuwa a 2016 ta koma ga kwamfaresa mai aiki da lantarki. Abin da manyan kamfanoni suka auna suka ga ya yi musu nauyi, ba ma ba ɗan Zongo shawara ya gwada shi da kuɗin aurensa.

Ta yaya mai saye zai gane abin da ke gabansa? Rubutun TSI da ke bayan mota ba ya wadatarwa, don akwai 1.4 TSI mai doki 122 wanda turbo kaɗai gare shi, ga shi kuma haruffan da gam ake manna su. A ɗaga shimfiɗar but, kusa da tayar safiya akwai farar takarda da kamfani ya manna, irinta kuma tana shafin farko na littafin sabis. A nan aka rubuta harufan inji. BLG da BMY da CAVD da CTHD masu zuga-zugi biyu ne, CAXA mai ɗaya ne. Bayan wannan sai a nemi makaniken da ke da kwamfutar bincike ya karanta abin da motar ta ajiye a ƙwaƙwalwarta, a kuma auna matsin tukwanen nan huɗu a ga ko sun yi daidai da juna. Kuɗin wannan bincike bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

A nan ne abin ya taɓa mu ta wani gefen. A garejin da muke zaune yara bakwai ne ke koyon aiki, biyar 'ya'yanmu ne, kuma da maigidan ya jona kwamfutarsa a motar Alhaji, yaro ɗaya ne cikinsu ya iya karanta abin da ta rubuta da Faransanci, shi ma ba namu ba ne. Mun san yadda abin yake faruwa, don daga ajinmu ake cire su. Yaro ya kai aji huɗu ko biyar, uba ya ce boko ya isa, a kai shi ya koyi abin da zai ci da shi. A zamanin kafireto wannan lissafi yana da kai, kunne da hannu sun isa su mai da yaro maigida. Injin da kwamfuta ke raba wa na'ura biyu aiki ba ya faɗin ciwonsa sai a rubuce. Akwai tsarin takardar CQP a ƙasar nan, wanda yaro yake aiki a gareji yana kuma zuwa aji, amma shi ma sai wanda ya iya karatu da rubutu yake shigarsa. Uban da ya bar ɗansa ya ƙare firamare kafin ya miƙa shi gareji, shekara ɗaya ko biyu kawai ya jinkirta.

Alhaji dai ya saurari duk bayanin nan yana jan carbi. Niyyarsa ta farko ita ce ya sa motar haya tsakanin Kwatano da Paraku, don ya ga injin ƙarami ya ɗauka ba za ta sha mai ba. Da kwamfuta ta nuna ba wani ciwo, matsin tukwane huɗun kuma ya zo daidai, sai ya juya ga maigidan gareji.

"To malam, in kai ne, yaya za ka yi da ita?"

"Ranka ya daɗe, mota ce mai kyau, amma ba ta haya ba ce. Direban haya inda mai ya fi araha nan zai tsaya, kuma ba ka tare da shi. In za ka riƙe ta a gida, ka sha mai a famfo, ka kawo mini ita duk kilomita 7,000, za ka ji daɗinta."

Alhaji ya ce a bar ta a gida. Ya sa yaron ya sayo ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta a shagon da ke tsallake, aka rubuta kwanan wata da lambar kilomita da sunan man da aka zuba, aka jefa shi a aljihun gaban mota. Maganar haya kuma ya ce ranar Litinin su koma Sekanji tun da asuba, su nemi mai inji irin wanda yake numfashi da kansa.